Ɗan Wane Ne? Dogon Jira Da Tarin Takardu A Riƙon Yaran Ƙetare

A farkon watan Satumba na shekarar 2024, mai magana da yawun Ma'aikatar Harkokin Wajen ƙasar Sin, Mao Ning, ta shaida wa manema labarai cewa ƙasarta ta daina ba wa baƙi yaranta riƙo, in ban da dangin yaron na kusa. Da wannan gajeriyar sanarwa aka rufe ƙofar da ke buɗe tun 1992, wadda ta cikinta yara sama da 160,000 suka bar ƙasar, kimanin rabinsu zuwa Amurka. A lokacin akwai iyalai kusan 300 a Amurka waɗanda tuni aka haɗa su da yaran da za su ɗauka. An ba su hotuna, sun san sunaye, sun kammala takardu, wasu ma sun yi ta aike da tsaraba tun kafin annobar korona ta tsayar da tafiye-tafiye a 2020. Rana ɗaya jiran nasu ya koma jiran gawon shanu.

Duk wanda ya ji irin wannan labari, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne tir da ma'aikatan ofis. Ga maraya yana bukatar gida, ga gida yana bukatar ɗa, me ya kawo takarda tsakani? Ni kuwa da na bi tarihin al'amarin, abin da na gani ya ɗan bambanta. Takardun da ake tarawa a kan mai ɗaukar yaron sun yi yawa ƙwarai, amma takarda ɗaya tak da ta fi kowace muhimmanci, wato wadda za ta faɗi gaskiyar ɗan wane ne wannan yaro da yadda aka yi ya rabu da iyayensa, ita ce kullum ta fi rauni. Daga wannan raunin ne dogon jiran ya samo asali, kuma daga nan ne ya kamata gyara ya fara.

Riƙo iri biyu

Kafin in yi nisa, ya kamata mu daidaita a kan kalma. Bahaushe ya san riƙo tun kaka da kakanni. Goggo takan ɗauki 'yar wanta ta raine ta har ta aurar, kaka yakan ɗauki jika, wadda Allah bai ba haihuwa ba akan ba ta ɗan ƙanwarta don ya ɗebe mata kewa. A duk wannan, yaron ya san mahaifinsa, yana amsa sunansa, gadonsa na gidan ubansa, kuma da salla ana kai shi gaida iyayensa.

Abin da dokokin Turai da Amurka suka tanada wani abu ne daban, wanda malamanmu ke kira tabanni. Alƙali ne zai zauna ya yanke dangantakar yaro da iyayen da suka haife shi, ya ƙulla sabuwa da waɗanda suka ɗauke shi. A canza masa suna, a buga masa sabuwar takardar haihuwa, ya zama magajinsu kamar ɗan cikinsu. Idan kuma za a tsallaka iyaka da shi, to har ƙasa da harshe ake canza masa. Hukunci ne da ba a warware shi cikin sauƙi, kuma wanda aka yanke a kansa bai kai munzalin da za a nemi ra'ayinsa ba. Ƙasashe biyu ne kowace za ta sa hannu: wadda za ta saki ɗanta da wadda za ta karɓe shi a matsayin nata. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ce sai da takarda.

Hanyar da mai nema ke bi

Mu ɗauki misalin ma'aurata a Amurka, ƙasar da ta fi kowace karɓar irin waɗannan yara. Da farko sai sun nemi ƙungiyar da gwamnati ta ba lasisin wannan aiki. Daga nan jami'in walwalar jama'a zai riƙa zuwa gidansu, ya duba ɗakuna, ya yi musu tambayoyi a kan aurensu, da yadda aka tarbiyyantar da su, da yadda suke horon yaro idan ya yi laifi. Za su kawo takardar aure, da ta saki idan ɗayansu ya taɓa rabuwa, da bayanin albashi da na haraji, da shaidar likita, da wasiƙun waɗanda suka san halinsu. Duk baligin da ke kwana a gidan sai an ɗauki zanen yatsunsa an bincika ko ya taɓa aikata laifi. Sannan su cike takardar neman izini ta hukumar shige da fice, wadda ake kira I-800A ko I-600A, gwargwadon ƙasar da yaron yake.

Wannan duk rabin tafiya ne. Kowace takarda da za ta ƙetare sai an kai ta gaban mai shaida takardu ya buga hatimi, hukumar jiha ta tabbatar da hatimin nasa, wani lokaci ofishin jakadancin ɗaya ƙasar ya tabbatar da na jihar, sannan a fassara. Idan kundin ya isa can, sai a rubuta ranar shigarsa, ya bi layi. Bayan an haɗa su da yaro kuma akwai zaman kotu, da fasfo, da gwajin lafiya, da biza. Kuɗin da akan kashe yakan kama daga dala 20,000 zuwa 50,000.

Abin da ya fi karya gwiwa shi ne takardun suna da wa'adi. Binciken zanen yatsu na hukumar shige da ficen Amurka wata 15 yake yi ya mutu. Rahoton binciken gida kada ya wuce wata shida da rubutawa a ranar da za a miƙa shi. Idan aka sauya gida, ko aiki, ko aka sami ƙaruwa, sai an sabunta. A Faransa, takardar amincewa da hukuma ke ba wa mai nema takan ɗauki wata tara kafin ta fito, ta yi shekara biyar tana aiki, kuma mutane da yawa takan mutu a hannunsu ba su sami yaro ba. A ƙasar Sin, waɗanda suka shigar da kundinsu a wajejen 2006 da 2007 suna neman jariri lafiyayye, wasunsu sun kusan shekara goma a layi, suna sabunta takardu ana sake karɓar kuɗi. A watan Mayun 2007 ma ƙasar ta ƙara tsaurara sharuɗɗa a kan shekarun mai nema, da tsawon aurensa, da dukiyarsa, har da ƙibarsa.

Me ya sa layin bai tafiya?

Mutane da dama suna zaton duniya cike take da jarirai marasa kowa da ke jiran a zo a ɗauke su, takarda ce kawai ta tare hanya. Alƙaluma ba su goyi bayan wannan zato ba. Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ƙiyasta cewa a 2015 akwai marayu kusan miliyan 140 a duniya, amma a lissafinsa duk wanda ya rasa uwa ko uba maraya ne. Waɗanda suka rasa duka biyun kimanin miliyan 15 ne, kuma mafi yawansu sun wuce shekara biyar, suna hannun kakanni ko baffanni. Yawancin yaran da ke gidajen marayu ma suna da uwa ko uba a raye; talauci, ko rashin lafiya, ko neman karatu ne ya kai su can.

Masu nema kuwa galibi jariri suke so, lafiyayye. To idan masu so sun ninka abin da ake so, dole layi ya yi tsawo. Idan kuma kowane mai tsayuwa a layin yana riƙe da dubban daloli, a ƙasar da albashin ma'aikaci na shekara bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan kuɗi ba, to ba za a rasa wanda zai ce zai samo ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A nan ne neman gida ga yaron da ba shi da gida yake juyewa ya koma neman yaro ga gidan da ba shi da yaro, kuma tarihin wannan harka cike yake da irin wannan juyin.

Kowane hatimi da tabonsa

Abin ya kankama ne bayan Yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953. A 1955 wani Ba'amurke daga Jihar Oregon mai suna Harry Holt ya ɗauko yara takwas daga Koriya ta Kudu, daga baya ya kafa ƙungiyar da har yau take amsa sunansa. Cikin shekarun da suka biyo baya, ƙasar ta tura yara kimanin 200,000 zuwa ƙetare, kuma abin ya fi yawa a shekarun 1970 da 1980, lokacin da yaƙin ya daɗe da ƙarewa. A watan Maris na 2025, Hukumar Gaskiya da Sasantawa ta ƙasar ta fitar da sakamakon bincikenta. Ta tabbatar da cewa an riƙa rubuta yaran da ke da iyaye a matsayin tsintattu don a sauƙaƙa fitar da su. Ta kuma gano cewa idan yaron da aka yi wa takardu ya rasu, ko danginsa suka zo suka karɓe shi, akan ɗauko wani a tura da sunansa. Yau akwai dattawa a Turai da Amurka da suka koma Seoul neman asalinsu, suka tarar fayil ɗin da suka rayu da shi na wani ne.

A Romaniya, bayan faɗuwar Nicolae Ceausescu a Disambar 1989, gidajen talabijin sun nuna wa duniya halin da yara ke ciki a gidajen marayun gwamnati. Tausayi ya motsa, baƙi suka kwararo, kuma tsakanin 1990 da 1991 aka fitar da yara kimanin 10,000. Da yawansu ba daga gidajen marayun aka ɗauko su ba. Dillalai ne suka riƙa bin ƙauyuka suna ciniki da iyaye matalauta.

Irin wannan ɓarna ce ta sa ƙasashe suka taru a birnin Heg na ƙasar Holan, suka ƙulla yarjejeniyar ranar 29 ga Mayu, 1993, wadda yau ƙasashe sama da ɗari suka shiga. Ƙa'idojinta a bayyane suke. Sai an fara neman mafita ga yaro a cikin danginsa da ƙasarsa kafin a yi maganar ƙetare. Yardar uwa ba ta inganta sai bayan ta haihu, kuma kada a saye ta da kuɗi. Kada mai nema ya haɗu da iyayen yaro kafin hukuma ta tabbatar da cewa yaron ya cancanci a bayar da shi. Kowace ƙasa ta kafa hukuma guda da za ta ɗauki alhakin komai, ta kuma adana bayanin asalin yaron. Amurka ba ta fara aiki da yarjejeniyar ba sai a watan Afrilun 2008.

Duk da haka ɓarnar ba ta tsaya ba. A Gwatamala, inda lauyoyi masu zaman kansu ke gudanar da harkar ba tare da alƙali ba, an kai matsayin da kusan jariri ɗaya cikin kowane ɗari da aka haifa yake tafiya Amurka. A 2007 kaɗai sama da 4,700 aka tura. An sami rahotannin fizge jarirai daga hannun iyaye mata, har ta kai ana buƙatar gwajin DNA, shi ma aka riƙa yin maguɗinsa. A farkon 2008 ƙasar ta rufe ƙofa.

Mafi kusa da mu shi ne abin da ya faru a Chadi. A watan Oktoban 2007 aka kama 'yan wata ƙungiyar Faransa mai suna Arche de Zoé a garin Abeshe, suna shirin ɗora yara 103 a jirgi zuwa Faransa, inda wasu iyalai suka riga suka biya kuɗi suna jira. Sun ce marayun yaƙin Darfur ne, har da naɗa wa wasu bandeji don a zaci majinyata ne. Binciken hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar agaji ta Red Cross ya nuna mafi yawan yaran 'yan ƙauyukan kan iyaka ne, suna da iyaye, kuma an yaudari iyayen da cewa makaranta za a sa 'ya'yansu. Kotu a Njamena ta yanke wa mutum shida ɗaurin shekara takwas da aiki mai tsanani, aka mayar da su Faransa, Shugaba Idriss Deby ya yi musu afuwa a Maris na 2008. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta Janairun 2010 ma, an kama Amurkawa goma a kan iyaka da yara 33, aka tarar yawancinsu suna da iyaye a raye. A Agustan 2020 kuma, gwamnatin Amurka ta ƙaƙaba takunkumi a kan wasu 'yan Yuganda huɗu, ciki har da alƙalai biyu, bisa zargin raba iyaye matalauta da 'ya'yansu da irin wannan alkawarin na karatu.

A lura da abu guda a duk waɗannan labarai. Kundin masu ɗauka ba shi ne ya gaza ba. Albashinsu na nan yadda suka rubuta, ɗakin yaron na nan a share. Inda ƙaryar ta shiga shi ne layi biyu ko uku da aka rubuta a kan yaron: an tsince shi a bakin kasuwa, ba a san iyayensa ba, mahaifiyarsa ta rasu. A kan waɗannan layuka aka gina hatimai talatin, kuma hatimi ba ya mayar da ƙarya gaskiya. Duk lokacin da asiri ya tonu, abin da ya fi sauƙi ga hukumomi shi ne su ƙara wa mai nema wata takardar, ko su rufe ƙofa gaba ɗaya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Haka Habasha ta haramta abin a Janairun 2018, bayan ta tura yara sama da 15,000 Amurka, kuma bayan wata yarinya 'yar ƙasar ta mutu a 2011 a Jihar Washington saboda azabar marikanta. Holan ta dakatar da karɓa a 2021 bayan wani kwamitin gwamnati ya bankaɗo ɓarnar shekaru. Amurka da ta karɓi yara kusan 23,000 a 2004, a 2023 ba ta kai 1,300 ba.

Wanda jiran ya fi cutarwa

Kada a ɗauka ina cewa jinkiri alheri ne a kowane hali. Akwai yaran da da gaske ba su da kowa, ko suna da wata lalura da ƙasarsu ba ta da halin kula da ita, kuma kwanakin yaro ba irin na ofis ba ne. Shekara biyu a wurin ma'aikaci sauyin fayil ne daga wannan tebur zuwa wancan. A wurin jariri kuwa a cikinsu yake koyon magana da tafiya da sanin fuskar mai ƙaunarsa. Wani bincike da masana daga jami'o'in Amurka suka fara a birnin Bukares a farkon shekarun 2000, a kan yara 136 na gidajen marayu, ya nuna cewa waɗanda aka mayar hannun iyali sun fi waɗanda aka bari ci gaba ta fuskar basira da shaƙuwa, kuma waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu su suka fi amfana. Ita kanta yarjejeniyar Heg ta wajabta wa hukumomi su hanzarta aiki.

Sau da yawa kuma jinkirin ba shi da alaƙa da binciken asalin yaro. A Satumbar 2013, hukumar shige da fice ta Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta daina bayar da izinin fita, alhali kotunan ƙasar sun riga sun yanke hukunci a kan ɗaruruwan yara. Suka zauna sama da shekara biyu a tsaka mai wuya: a takarda 'ya'yan wasu ne, a zahiri suna gidan marayu. Rasha kuwa ta hana Amurkawa ɗaukar yaranta tun daga Janairun 2013, a wata doka da ta fito a matsayin ramuwar gayya kan takunkumin da Amurka ta sa wa jami'anta. Faɗan manya ne, yara suka sha.

Sannan dokar ba ta yi wa kowa tsauri daidai. A da, a Malawi an san cewa baƙo sai ya zauna a ƙasar tsawon wata 18 ko fiye kafin a ba shi yaro. A 2009 wata Babbar Kotu ta ƙi amincewa da buƙatar mawaƙiya Madonna saboda wannan sharaɗi, amma cikin 'yan watanni Kotun Ƙoli ta soke hukuncin. Mai suna da dukiya ya wuce, malamin makaranta yana nan yana sabunta zanen yatsu.

Akwai kuma takardar da aka manta da ita bayan an isa. Kafin Amurka ta yi Dokar Zama Ɗan Ƙasa ga Yara ta 2000, marikin ne ke da alhakin nema wa yaro takardar zama ɗan ƙasa, kuma da yawa ba su yi ba. Dokar da ta fara aiki a Fabrairun 2001 ba ta haɗa da waɗanda suka riga suka cika shekara 18 ba. Haka aka wayi gari a 2016 an tasa ƙeyar wani mutum mai shekara 41 zuwa Koriya ta Kudu, ƙasar da ya bari yana ɗan shekara uku, ba ya jin yarenta, ya bar iyalinsa a baya. An binciki marikansa kafin a ba su shi, amma babu wanda ya waiwaya ya tambayi ko takardarsa tasa ta kammala.

Inda zancen ya shafe mu

Nijeriya ba ta cikin yarjejeniyar Heg ta 1993, ko da yake Ghana da Nijar sun shiga. A nan al'amarin yana hannun jihohi ne, kuma Dokar 'Yancin Yara ta 2003 ta taƙaita shi ga 'yan ƙasa. Don haka yawancin masu nema daga waje 'yan Nijeriya ne mazauna ƙetare. A watan Maris na 2021, Birtaniya ta sa Nijeriya a jerin ƙasashen da ta dakatar da karɓar yara daga cikinsu, kuma dalilan da ta bayar su ne wahalar tabbatar da asalin yara, da rashin ingancin takardu, da cin hanci, da safarar jarirai. Ba za mu ce an yi mana ƙage ba. 'Yan sanda sun sha kai samame gidajen da ake tara 'yan mata masu ciki ana sayar da abin da suka haifa. A Oktoban 2019, rundunar 'yan sandan Kano ta bayyana ceto yara tara da aka sace aka kai Onitsha aka sauya musu sunaye. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 kuwa ya nuna kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa. Yaron da babu inda aka rubuta sunansa da na uwarsa, duk wanda ya fara rubutawa shi ne mai gaskiya.

Ga kuma wani ɓangaren da ke taɓa 'yan'uwanmu Musulmi da ke zaune a Turai da Amurka. Mutum wansa ya rasu ya bar marayu, yana so ya ɗauko ɗaya ya riƙe kamar yadda al'ada da addini suka ɗora masa. Ofishin jakadanci bai san riƙon goggo ba. Hukuncin kotu yake nema, da takardar shaidar mutuwa, wadda a ƙauyukanmu ba kasafai ake yanka ba. Shi kuwa Musulunci ya soke tabanni tun zamanin Annabi (SAW), lokacin da Suratul Ahzabi ta yi umarni da a riƙa kiran kowa da sunan mahaifinsa, Zaidu ya koma Zaidu ɗan Harisa. Abin da shari'a ta tanada shi ne kafala: a ɗauki nauyin yaro ba tare da an taɓa nasabarsa ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ta ambaci kafala da sunanta a sashe na 20, kuma Maroko da Aljeriya sun tsara ta a dokokinsu, alƙali ke bayar da ita. Amma ƙasashen Yamma ba su ɗauke ta daidai da nasu tsarin ba, don haka yaron kafala yakan fi shan wuya wajen biza. Abin lura a nan shi ne, haƙƙin da 'yan Koriya da suka girma a ƙetare suke fafutukar ƙwatowa a yau, wato sanin ɗan wane kai, shi ne ainihin abin da kafala ta tsare tun farko.

Abin da nake ganin ya dace

A ganina, nauyin bincike ya kamata ya koma inda ɓarnar take. Kuɗi da ma'aikatan da ake ɓatawa wajen sabunta takardun mutumin da aka riga aka tantance sau uku, gara a kashe su wajen tura jami'i ƙauyen da aka ce an tsinci yaro, ya nemo mai unguwa da unguwarzoma da maƙwabta, ya ji daga bakinsu. Uwar da za ta dangwala yatsa a yi mata bayani da harshenta, a gaban wanda ba shi da riba a ciki, ta gane cewa rabuwa ce ta har abada. Kuɗin da mai nema ke biya kada ya shiga aljihun gidan marayun da ke bayar da yaron, domin gidan da ake biya a kan kowane kai ba zai taɓa rasa marayu ba. A sa wa kowane mataki wa'adi, ta yadda idan an tabbatar yaro ba shi da kowa, ba zai tsufa a jiran sa hannu ba. Fayil ɗinsa na asali kuma a adana shi, a ba shi idan ya girma ya nema.

Mu kuma a gida, aikin da ke gabanmu ya fi wannan sauƙi. Rajistar haihuwa a wurin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa kariya ce ga yaro, kamar allurar rigakafi. Majalisun jihohinmu za su iya tsara kafala a doka, yadda riƙon da muke yi da baki zai sami takardar da kowace kotu za ta girmama, marikin ya san haƙƙin da ke kansa, hukuma ta san inda kowane maraya yake. Uwar da talauci ya sa take tunanin miƙa ɗanta kuwa, ɗan abin da za a tallafa mata da shi bai kai kuɗin tikitin jirgin da zai raba su ba. A nan zakka da waƙafi suke da babban gurbi.

Bahaushe ya ce ɗa na kowa ne, kuma gaskiya ne ta fuskar tarbiyya da jinƙai. Amma kowane ɗa yana da uwar da ta ɗauki cikinsa da uban da ya raɗa masa suna, kuma wata rana zai tambaya. Tsarin da zai iya ba shi amsa ta gaskiya, ba tare da ya cinye masa ƙuruciya a ɗakin jira ba, shi ne ya cancanci a kira shi gata ga maraya. Allah Ya jiƙan iyayen da suka rigaye mu, Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da suka bari.